Ciwon Naka Nawa Ne, Alhaji?

Yau da ku nake, ku da kuka kai ciwon baya ko na gwiwa asibiti kuka dawo kuna huci. Ƙorafinku ya iso ni tun daga majalisar bayan la'asar. Wai kun yanki kati, kun bi layi tun hantsi har azahar, da aka kira sunanku sai wani yaro mai farar riga, wanda bai kai ɗanku na uku ba, ya ɗago kai ya ce, "Baba, daga sifili zuwa goma, ciwon nan nawa ne?" Wani ma takarda aka miƙa masa da biro, aka ce ya cike da kansa. Shi ne kuke ta faɗa: in ni zan auna wa kaina ciwon, shi karatun me ya yi? Ai da wurin wanzami na tsaya, shi ba ruwansa da lissafi, ƙaho kawai zai kafa.

Allah ya huci zuciyarku. Ku zauna tukuna, wanda zama ke wahalarwa ya jingina da bango. Ko ba komai kuna da abokan nishi da yawa, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, kuma tana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Da yawansu an yi musu wannan tambayar, kuma ina kyautata zaton da yawansu sun harari mai tambayar irin hararar da kuka yi masa.

Na san abin da ranku ke so. Na'ura kuke so. Hawan jini akwai abin da ake ɗaura wa mutum a damtse, zazzaɓi akwai ɗan tsinken da ake sawa a hammata, sukari a soki yatsa lamba ta fito. To me zai hana ciwo ma a manna wa mutum wani abu, ya yi ƙara, lamba ta bayyana, kowa ya huta? Kada ku zaci ku kuka fara wannan tunanin. An riga ku, kuma waɗanda suka riga ku ba a surutu suka tsaya ba. A 1940 wasu masana uku a Jami'ar Cornell ta Amurka, James Hardy da Harold Wolff da Helen Goodell, suka ƙera na'urar awon ciwo. Sai a shafa wa mutum baƙin tawada a goshi, a tattaro hasken wata fitila mai ƙarfi a ɗora a wurin na daƙiƙa uku, a yi ta ƙara zafin. Har ma'auni suka ƙirƙiro suka raɗa masa suna "dol", suka ce iyakar abin da ɗan Adam ke iya ji dol goma da rabi ne. Wajen ƙarshen shekarun 1940 aka shiga da na'urar ɗakin haihuwa. Da naƙuda ta ɗan lafa sai a ƙona wa mace hannu, a ce ta kwatanta wannan zafin da wancan. Akwai wadda sai da hannunta ya tashi. Hajiya, na ga kin riƙe baki. To wannan ita ce na'urar da maigidanki ke ta cika baki a kanta. In har yanzu yana so, sai ya miƙo goshi a shafa tawada.

Ku lura kuma da inda abin dariyar yake. Bayan duk wannan ƙone-ƙone, ta ina aka san zafin ya kai? Wanda ake ƙonawa ne ya buɗe baki ya ce ya kai. Ƙarfin fitila na'urar ke aunawa, ba abin da ke cikin mutum ba. Wasu masanan suka gwada ba su samu irin sakamakon mutanen Cornell ba, dol ya mutu ba a yi masa zaman makoki ba.

Cikin waɗanda suka yi masa jana'iza akwai Henry Beecher na Harvard, likitan da ke sa barci lokacin tiyata, wanda ya yi aikin soja a Italiya a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 ya wallafa abin da ya gani: sojoji sama da 200 masu munanan raunuka, karaya da harbi a ƙirji da ciki, aka tambaye su ko suna son maganin kashe ciwo a lokacin, kusan uku cikin huɗu suka ce a'a. Fahimtarsa ita ce, sojan da aka ɗauko daga bakin daga yana ganin raunin nan shi ne ya fitar da shi daga wuta, alhali farar hula in irin raunin ya same shi masifa kawai yake gani. Girman rauni daban, girman ciwo daban.

Na ji wani daga can baya yana cewa, "Malam, wannan zancen da ne, yanzu ai akwai hoto." Madalla da ɗan boko. Mu je ga hoton. A 1994 a Amurka aka sa mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan cikin na'urar MRI. Kashi 36 cikin ɗari ne kacal aka samu duk faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugunsu lafiya lau. Fiye da rabi suna da faifan da ya kumburo, kuma suna harkokinsu ba su san da shi ba. A 2015 aka tattara bincike iri-iri aka ga cewa ko cikin marasa ciwo, kashi 37 na 'yan shekara 20 faifansu ya fara zaizayewa, 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Wato da za a kwashi majalisarku kaf a yi mata hoto, da mai nishin da mai yi masa dariya duk za su fito da takarda mai ban tsoro. Ta ɗaya gefen kuma, kusan kashi 90 na masu ciwon baya ba a iya ɗora yatsa a wani takamaiman wuri a ce ga abin da ya lalace. Gwiwa ma haka take: wani hotonsa ya nuna guringuntsi ya cinye yana zuwa gona, wani hoton nasa bai nuna abin a zo a gani ba amma bai runtsa ba daren jiya.

Akwai wani magini ɗan shekara 29 a Ingila da mujallar likitocin Birtaniya ta ba da labarinsa a 1995. Ya diro a kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama. Aka kai shi asibiti, ko motsa ƙusar ba ya bari a yi, sai da aka yi masa allurai masu ƙarfi. Da aka cire takalmin, ashe tsakanin yatsu ta bi, ko ƙwarzane babu. Ku yi dariyarku, amma kada ku ce ƙarya ya yi. Ya ji ciwon da gaske, domin ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncin ciwo, ita kuwa ta yanke ne bisa abin da ido ya kawo mata. Ko masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da suka fito a 2013 da wata alama da ke tashi idan zafi ya taɓa mutum, da me suka tantance alamar tasu? Da lambobin da mutanen suka faɗa da bakinsu. Duk inda aka zaga, Alhaji, bakinka ake dawowa. Ciwon da ke jikinka kai kaɗai ne shaidarsa, sauranmu duk ji muka yi an ce.

Tunda shaidar ɗaya ce, sai aka koma neman yadda za a yi mata tambaya. Mafi sauƙi ita ce wadda ta ɓata muku rai: sifili babu ciwo, goma ciwon da ya fi duk wanda za ka iya tunani. Da baki ake yin ta, ko a waya ma ana yi, ba ta neman biro. Akwai ta layi, wadda likitan amosanin gaɓɓai na Landan, Edward Huskisson, ya yayata a 1974: a ja layi mai santimita 10, wannan bakin babu ciwo, wancan bakin ciwo ya ƙure, ka yi ɗan zane a inda kake, likita ya sa rula ya auna. A takarda abin gwanin sha'awa. A hannun tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba kuwa, sai ta dubi layi ta dubi likita. Ni ma ina da tawa tambayar a kanta: malamin da ya tashi da allo, wanda idonsa ya saba farawa daga dama, wane bakin ne mafari a wurinsa? In ba a zauna an yi masa bayani ba, sai ya ba da amsa a juye, a rubuta a fayil, kowa ya tafi yana murna.

Akwai ta kalmomi: babu, kaɗan, matsakaici, mai tsanani. Tsofaffi sun fi jin daɗinta, sai dai matakanta kaɗan ne, ciwo na iya raguwa bai tsallaka daga wannan kalma zuwa waccan ba. Sai ta fuskoki, wadda Donna Wong da Connie Baker suka tsara wa yara a Amurka a shekarun 1980, fuska shida daga mai murmushi zuwa mai zubar da hawaye. Wannan kam ku gafarce ni, in aka miƙa wa magidanci ita a gaban matarsa, an gama. Ko gadon bayansa ya rabe biyu ba zai ɗora yatsa a kan mai hawaye ba. Wasu masana ma sun lura murmushi da hawaye na sa yaro ya rikita baƙin ciki da ciwo, shi ya sa wani jerin fuskoki na daban da aka gyara a 2001 babu murmushi babu hawaye, sai yamutsewar fuska kawai.

Yanzu ga babbar hujjarku, wadda kuka ɓoye a aljihu sai ƙarshe, kuma ba zan yi muku rowar gaskiya ba. Kuna cewa bakwai ɗina ba bakwai ɗinsa ba ne. Bafulatanin da ya sha sanda a filin sharo yana duba madubi yana murmushi, in ya ce huɗu, Babarbare a nan ya riga ya kira 'yan'uwa ya fara wasiyya. (Mutanen Borno ku yi haƙuri, Fulani ne suka aiko ni.) Matar da ta haifi tara ta san wani goma da mijinta bai taɓa leƙawa ba, shi gomansa mura ce da ɗan ciwon kai. Duk gaskiya ne. Sai dai kun kayar da wanda bai shigo filin ba. Babu likitan kirki da ke ɗaukar bakwai ɗinka ya gwada da na maƙwabcinka. Da naka na makon jiya yake gwadawa. Ku tuna mudu. Mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, kowa ya san haka, kuma ba a taɓa cewa don haka a daina awo ba. Uwargidan da ke auna hatsinta da kwano ɗaya kullum ta san ranar da ya ragu, ko da kwanon nata ya fi na amarya girma. Sharaɗin kawai kada a canja kwano ana tsakiyar awo. Irin ma'aunin da aka fara da shi, da irin tambayar, su za a maimaita. In yau an tambaye ka ciwon da kake ji a zaune, wancan zuwan kuma an tambaye ka mafi tsananin na mako, lambobin biyu ba su da abin faɗa wa juna.

Har an bincika nawa ne ragin da ya isa a kira shi ragi. A 2001 John Farrar na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka duba bayanan masu daɗaɗɗen ciwo sama da 2,700, ciki har da masu ciwon baya da masu amosanin gaɓɓai. Suka ɗora lambobinsu a kan abin da su da kansu suka ce game da samun sauƙi, suka ga saukowar maki biyu, ko kusan kashi 30 cikin ɗari, ita ce inda mutane ke cewa lallai jiki ya yi kyau sosai. Saboda haka daga takwas zuwa bakwai, ƙila barci kawai ka samu daren jiya. Daga takwas zuwa biyar, gashin ƙashin da ake yi maka da motsa jikin da aka koya maka suna aiki, a ci gaba. Takwas ta tsaya a takwas wata da watanni, to a sake hanya, kada a yi ta karɓar kuɗinka. Amfanin abin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne, musamman a asibitin da likitan da ya gan ka yau ba lallai shi zai gan ka wata mai zuwa ba. Wanda zai gaje shi ba shi da abin da zai san yadda kake a da sai abin da aka rubuta.

To mu faɗa wa juna gaskiya. Rabin matsalar ba ta takarda ba ce, tamu ce, mu mutanen "da sauƙi". Ka je duba mutum, sai an kwantar sai an tayar, numfashi da ƙyar, ka ce, "Yaya jiki?" ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Tarbiyya ce mai kyau, a zaure wurinta ke nan, kuma ba na fatan a daina. Amma ɗakin likita ba zaure ba ne. Dattijon da ya shigo da sanda, ɗansa na riƙe da kafaɗarsa, aka ce nawa, ya ce, "Biyu, mun gode Allah," shi ya yi wa kansa. An rubuta biyu. Bayan mako uku ya dawo da ƙafarsa, ya bar sandar a gida, aka sake tambaya ya sake cewa biyu. Fayil ya nuna magani bai tsinana komai ba, a canja masa wanda yake yi masa aiki. Gaya wa mai magani abin da kake ji ba raki ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne, malamai ba su hana ba. Ka faɗi takwas ɗinka, sannan ka gode wa Allah, ba sa karo da juna.

Sai 'yan ɗaya ɓangaren. An ce iyaka goma, shi ya ce ɗari. Ba na ganin laifinsa sosai, don na san lissafinsa: ya ga layin da ke waje, ya san in ya ce biyar za a ce ya je kemis ya sayi farasitamol. Sai dai ya rufe wa kansa ƙofa. Ranar da abin ya ƙaru da gaske, ba shi da sauran lambar da zai hau.

Na ukun su ne suka fi ba ni haushi: masu amsa wa wani. Likita ya tambayi Hajiya, kafin ta buɗe baki Alhaji ya karɓe, "Ai ba wani abu ba ne, likita, sa uku." Ranka ya daɗe, gwiwar taka ce? Bincike da dama ya nuna ko ma'aikatan lafiya, in aka bar su su ƙiyasta da ido, sukan rage wa mara lafiya ciwonsa, musamman in ciwon ya yi tsanani. In waɗanda suka karanci abin suna ragewa, ina ga wanda kuɗin magani zai fito daga aljihunsa? Ka fita ka jira a benci, ranka ya daɗe, ba za a sace ta ba.

Inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne, lamba ɗaya ba ta ɗauke ciwo. Masu abin sun riga ku sani. Ronald Melzack na Jami'ar McGill a Kanada ya daɗe yana tattara kalmomin da masu ciwo ke faɗa, a 1975 ya fito da takarda mai kalmomi 78 cikin rukuni 20, a 1987 ya taƙaita ta zuwa 15 don likita mai sauri. Hujjarsa a fili take. Shida mai zugi cikin dare daban da shida mai suka in an juya, mai tsami a gaɓa da safe daban da mai sauka daga ƙugu har yatsan ƙafa da ƙuna da mutuwar jiki. Na ƙarshen nan jijiya yake nunawa, kuma ba magani ɗaya ake ba su ba. Takardar da Charles Cleeland ya tsara kuwa sau huɗu take tambaya: mafi tsanani, mafi sauƙi, matsakaici, da wanda kake ji yanzu, sannan ta bi ta kan barci da tafiya da aiki da zama da mutane. Wannan ta dace da ciwon gaɓɓai, wanda ke kwanciya in ka zauna ya tashi in ka miƙe. Mai ciwon gwiwa da ke zaune a kujerar likita zai ce biyu da gaskiyarsa. A tambaye shi na hawa bene a ji.

Daga nan aka samu takardun da ba ma ciwon kaɗai suke bi ba, abin da ya hana ka suke bi. Ta Oswestry, mai sunan wani ƙaramin gari a Ingila da ke da asibitin ƙashi, ta fito a 1980 da sassa goma: tsananin ciwo, wanka da sa kaya, ɗaukar nauyi, tafiya, zama, tsayuwa, barci, shiga jama'a, bulaguro, da kuma wani sashe a kan kwanciyar aure. Wannan sashen kam, in jikanyarka ce ke karanta maka takardar, Allah ya ba ku haƙuri ku duka biyun. Ta WOMAC, wadda aka tsara a Kanada ta fito a 1988 don amosanin gwiwa da ƙugu, tambayoyinta 24 ne, ciki har da wahalar sa safa, da shiga mota, da shiga bahon wanka. A nan in kun yi tsaki ba zan hana ku ba. Baba da ke wanka da bokiti a tsugune, silifa a ƙafa shekara sittin, a tambaye shi safa da baho?

Ai ba ku kaɗai kuka ga wannan ba. A shekarun 2000 masanan gashin ƙashi na Jami'ar Ibadan, Aderonke Akinpelu da Adesola Odole da abokan aikinsu, suka tsara tasu takardar ta amosanin gwiwa da ƙugu bisa rayuwar ɗan Najeriya, suka sa irin zaman salla, da tsugunno a masai, da noma da fartanya, da durƙusawa gaida manya, suka kuma mayar da ita Hausa. A Kano, masana daga Jami'ar Bayero sun fitar da Oswestry ta Hausa a 2019, suka biyo da ma'aunin sifili zuwa goma a 2020, wanda suka gwada a kan masu ciwon baya da yawancinsu ba su yi zurfi a boko ba. Don haka wanda ke cewa wannan abin Turawa ne, ba a yi shi don mu ba, ya makara. Abin da ya rage ya tambaya shi ne ko asibitin da ya je sun san da ita, ko har yanzu ta Turanci suke miƙa wa mutane kowane ma'aikaci yana fassarawa yadda ta zo masa a baki.

Ni a ganina nan ne tambayoyin suka fi kama mutanenmu. Dattijon da ba zai taɓa cewa takwas ba, ka ce masa, "Baba, a tsaye kake salla ko a zaune?" Zai yi shiru, can ya ce ai tun azumin bara a kujera yake yi. Ka ce wa Inna, "Yaushe rabonki da tsugunno ki wanke kwano?" Kunya ba ta hana wannan amsar, don ba kuka aka ce su yi ba, labari aka tambaye su.

Akwai kuma wata hujja da ba ku kawo ba, bari in ara muku ita kyauta, don ta fi duk naku nauyi. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar masana ciwo ta Amurka ta fara kiran a ɗauki ciwo a matsayin alama ta biyar da za a riƙa aunawa, bayan zafin jiki da bugun zuciya da numfashi da hawan jini. Asibitocin tsofaffin sojoji suka ɗauka a 1999, hukumar da ke tantance asibitoci ta shigo da ƙa'idojinta na kula da ciwo a 2001. Niyyar mai kyau ce, don da ana barin mutane suna shan azaba. Amma a wurare da yawa lambar ta koma umarni: ta haura, a ba da ƙwaya mai ƙarfi har ta sauko. A daidai lokacin ne wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi, OxyContin, da ya shigo kasuwa a 1996, ake ta tallarsa. Wani bincike na 2006 ya nuna yawan tambayar lambar shi kaɗai bai gyara yadda ake kula da ciwon ba, a 2016 kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta nemi a daina kiran ciwo alama ta biyar, bayan jarabar ƙwayoyin ta ci rayuka masu ɗimbin yawa. Lambar ba ita kaɗai ta jawo ba, amma tana cikin waɗanda suka riƙe ƙofa. Mu da muka ga abin da tiramadol ya yi wa matasanmu, muka ga gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba ma bukatar dogon wa'azi. In ka ce tara, likita ya zaro biro bai taɓa bayanka ba, bai sa ka sunkuya ba, bai tambayi barcinka ba, to a nan ka yi hucin naka, zan taya ka.

Wani lokaci ma ba a tsayawa lissafi. Ciwon baya da ya zo da kuɓucewar fitsari ko kashi, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa da ke ta raunana, ko zazzaɓi da rama ba dalili, ko ya biyo bayan faɗuwa mai tsanani, wannan ko uku kake ji ka tafi asibiti a ranar, kada ka biya ta wurin maɗori.

Saura ku masu cewa, "To in mutum ya yi ƙarya fa?" Yana iya yi mana, takarda ba ta rantsar da kowa. Akwai mai neman takardar hutu daga ofis, akwai mai neman a sa masa hannu ya karɓi ƙwaya. Amma likita ba takarda kaɗai yake kallo ba. Ya ga yadda ka shigo, ya ga yadda ka zauna, zai ɗaga ƙafarka, zai latsa nan ya latsa can. Ya kuma san mai daɗaɗɗen ciwo yana iya hira yana dariya alhali bayansa na ci, don haka ba ya saurin ƙaryata mutum, kuma gara haka. Shi dai maƙaryacin aikinsa ya fi na kowa wuya. Sai ya riƙe lambar da ya faɗa wancan zuwan, ya tuna wace ƙafa ce take ɗingishi, sannan in ya miƙe zai fita makullin babur ɗinsa ya faɗi ƙasa, ya tuna kada ya sunkuya ya cafke shi da sauri.